Darussan ƙarshen wasan ces a Samaru: inda suka biya ni da inda suka gaza

Abokan wasanmu na Tudun Wada sun dame ni da tambaya a kan darussan ƙarshen wasan ces (wato lokacin da 'ya'ya kaɗan suka rage a allo) da na shiga a Samarun Zariya, wai ko sun cancanci kuɗinsu da kuɗin mota. Sun cancanta, amma ga wanda zai shimfiɗa allo ya buga abin da aka koya masa da hannunsa. Wanda zai miƙe a katifa yana kallon bidiyo yana gyaɗa kai, gara ya riƙe kuɗinsa.

Kocin tsohon ɗan wasan jami'a ne. Yana tura gajerun bidiyo ta Telegram a cikin mako, kowanne a kan yanayi ɗaya na allo, sannan ranar Asabar bayan la'asar a haɗu a wani ɗaki da ya ara a Samaru a buga. Da Turanci yake fara bayani, amma da zarar abu ya yi tsauri sai ya juye Hausa, kuma a nan ne bayaninsa ya fi fita. Ni daga Tudun Wada sai na hau keke zuwa Kwangila, in sake hawa bas, don haka ba na wasa da zaman Asabar ɗin.

A zaman farko ya kwashe komai daga allo, ya bar sarki biyu da soja ɗaya. Wani ɗalibi daga unguwar Kongo ta Zariya, wanda kowa ya san yana da zafin hannu a wasan gaggawa, ya ce, "Haba Koci, wannan ai na yara ne." Kocin bai yi musu ba, ya ce, "To bismilla, zauna ka ci ni." Ya sa sarkin fari a e5 (harafi da lamba su ne sunan kowane gida a allo), sojansa a e4, sarkin baƙi a e7, ya ba yaron fari da tafiya. Duk inda sarkin fari ya matsa, na baƙi ya tsaya masa ido da ido, gida ɗaya a tsakaninsu. Da sojan ya kai e7, sarkin baƙi ya maƙale a e8, ba cek, wato ba a kai masa hari ba, kuma ba inda zai taka. Canjaras. Sai ya mayar da komai yadda yake, ya ce yanzu baƙi ne da tafiya. Dole sarkin baƙi ya kauce, na fari ya hau layi na shida, daga nan ba abin da zai hana sojan kaiwa layin ƙarshe ya zama sarauniya. Allo ɗaya, 'ya'ya uku, bambancin ci da canjaras shi ne wa ke da tafiya. Ɗakin ya yi tsit, daga ranar ba wanda ya sake raina darasin.

Wannan sashe na sarki da soja shi ne ƙashin bayan darussan, kuma a nan kocin ya fi nuna gwaninta. Ya hana mu ƙirga "in na tafi, ya tafi, in na tafi" da yatsa a sama. Ya koya mana zana murabba'i a zuci: soja yana b4, to daga b4 zuwa b8, daga b8 zuwa f8, a sauko f4. Idan sarkin abokin gaba zai iya taka cikin wannan fili a tafiyarsa, ya kama sojan. Idan ba zai iya ba, a tura soja kawai ba waiwaye. Sarki a g5 da tafiya a hannunsa zai kamo shi a b8. Idan fari ne da tafiya, ya makara da taki ɗaya. Ya kuma ja kunnenmu a kan sojan da bai taɓa motsawa ba, tunda yana iya tsallake gida biyu, da sojan gefen allo, wanda in sarkin mai karewa ya riga ya shige kusurwa babu mai fitar da shi. Har da bishof a hannunka, wato ɗan da ke tafiya a karkace kan gidaje masu launi ɗaya, ba za ka ci ba, muddin launin gidajen bishof ɗin ba shi ne launin kusurwar ba. Na ga wani dattijo a cikinmu ya cire hula ya sake sawa da ya ji wannan. Ya ce shekara da shekaru yana ganin laifin kansa a kan abin da doka ce ta allo.

Abin da ya fi burge ni a sashen shi ne matsalar da Richard Réti ya wallafa a 1921. Sarkin fari yana can h8, sojansa a c6. Sarkin baƙi a a6, sojansa a h5 yana gudu, fari ne da tafiya. Duk mai ido zai ce fari ya mutu: ba zai kamo sojan baƙi ba, nasa kuma za a cinye. Amma sarkin ya bi ta tsakiya a karkace, g7, f6, e5, yana kusantar abu biyu a lokaci guda. In baƙi ya tsaya cin soja, sarki ya kamo mai gudu; in ya ci gaba da gudu, sarki ya raka nasa sojan, kowa ya yi sarauniya, a tashi canjaras. Kocin bai ba mu amsar ba sai da ya bar mu muka yi ta gardama har aka kusa kiran magariba. Abin da yake so mu gane shi ne, a kan allo tafiyar karkace da tafiyar miƙe taki ɗaya suke ci, kuma sarkin da aka ɓoye tun farkon wasa shi ne babban ma'aikaci idan 'ya'ya suka ragu. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare.

Sai sashen ruk (ɗan da ke tafiya a miƙe, gaba da baya da gefe), wanda shi ne irin ƙarshen wasan da aka fi yawan faɗawa cikinsa. Yanayi biyu ya gina komai a kansu. Na farko shi ne wanda ake kira Lucena: sojanka ya kai layi na bakwai, sarkinka yana gabansa a maƙale, ruk ɗin abokin gaba yana jira ka leƙo ya yi ta cek. Dabarar ita ce ka kori sarkinsa da cek ya ƙara nisa, ka ajiye ruk ɗinka a layi na huɗu, sannan ka fito da sarki. In cek ya yi yawa, ruk ya shiga tsakani ya tare. Sunan na wani marubucin Sifaniya ne da ya fitar da littafin ces a 1497, ko da yake yanayin ba ya cikin littafin nasa, sai a na Alessandro Salvio na 1634 aka same shi. Na biyu na mai karewa ne, wanda Philidor, Bafaranshen nan makaɗi, ya yi bayaninsa a 1777: ka tsare layi na shida da ruk don kada sarkinsa ya hau, da zarar ya tura soja zuwa layin, ka koma can ƙasan allo ka yi ta cek ta baya, tunda ya rasa maɓoya. Bidiyon waɗannan biyu su ne mafi kyau a duk tarin. Ya maimaita su daga ɓangaren fari da na baƙi, ya kuma nuna inda kowace dabara take rushewa in an yi jinkirin taki ɗaya.

Dabarun bazata ma sun samu rabonsu. Akwai tarkon da nake ganin duk mai buga ces a majalisa ya kamata ya sani: sojanka a a7, ruk ɗinka a gabansa a a8, ruk ɗin baƙi a bayansa a a1. In sarkin baƙi ya kuskura ya tsaya f7, sai ka kai ruk h8 ka bar masa sojan. Yana ci, ka ba shi cek a h7, ruk ɗinsa ya tafi. Shi ya sa mai karewa ba ya da wurin zama sai g7 ko h7. Akwai kuma fasa shinge, soja uku a a5, b5, c5 suna fuskantar uku a a7, b7, c7, sarakuna suna nesa: ka tura na tsakiya b6, ka sake sadaukar da na biyu, na ukun ya wuce ba mai tare shi. Wannan na biyun na samu damar yi wa wani abokina a Sabon Gari, har yau yana cewa sa'a ce.

Yanzu ga inda suka gaza.

Kocin ya ɓata lokaci mai yawa a kan kashe sarki da bishof da doki. Abu ne mai wuya, gaskiya: ko da wasa marar kuskure yana iya cin tafiya 33, ga dokar tafiya 50 tana jira ta mayar da shi canjaras in an yi tafiya 50 ba a ci ɗa ko an motsa soja ba. Hujjarsa ita ce Anna Ushenina, tana riƙe da kambun duniya na mata, ta kasa kammala shi a 2013. Ni wannan labarin akasin haka yake nuna mini. Abin da ba kasafai yake zuwa ba har gwanaye suna mantawa da shi, bai kamata ya ci makonnin ɗan koyo ba. A gefe guda kuma, sarauniya da sojan da ya kai layi na bakwai, abin da muke gamuwa da shi kullum bayan tseren sojoji, bidiyo ɗaya ya samu, a gurguje. Ya faɗa cewa ana cin sojan tsakiya da na b da g, amma na a, c, f da h kan tsira da canjaras in sarkinka yana nesa. Bai tsaya ya nuna dalilin ba, alhali dalilin shi ne darasin. Bishof masu launi daban-daban ma ambatonsu kawai aka yi.

Bidiyon kansu da waya aka ɗauka, allon a karkace, wasu da ƙarar janareta a baya, kuma suna cin data fiye da kima. Wannan ana iya haƙuri da shi. Abin da ban iya haƙuri da shi ba shi ne rashin aikin gida. Ana gama bidiyo shi ke nan, ba yanayi biyar ko goma da za ka warware kafin Asabar, ga zaman Asabar ɗin gajere, tsakanin la'asar da magariba, kuma allunan ba su isa kowa ba. Wanda ya dogara da zaman kaɗai zai iya gama darussan yana iya ba da labarin Lucena da baki, amma hannunsa bai iya ba. Ni na cike giɓin da Lichess, shafin buga ces na intanet, tunda kyauta ne: in shirya yanayin, in buga da kwamfuta, in sake juya allon in kare. Yana da rumbun da ke faɗa maka sakamakon duk yanayin da 'ya'yansa ba su wuce 7 ba, ci ne ko canjaras, da tafiyar da ta ɓata shi. Kocin ya san da wannan, amma sau ɗaya ya ambace shi, a ƙarshen wani bidiyo.

Haka kuma ba a taɓa sa mana agogo ba. Ƙarshen wasa a gajiye ake buga shi, lokaci ya ƙure, kai ya yi zafi. Wasa na shida na gasar kambun duniya tsakanin Magnus Carlsen da Ian Nepomniachtchi a Dubai a 2021 ya kai tafiya 136, kusan awa takwas, kuma a ƙarshen wasa aka raba gardamar. Mu ba mu kai can ba, amma ko minti biyu aka ba mutum ya ci Lucena a gaban jama'a, zai san ko ya iya.

Wanda bai gama sanin tafiyar 'ya'ya ba, ko yake yawan barin sarauniya a bakin doki, bai kai wurin ba tukuna. Wanda kuma ya daɗe yana zuwa gasa zai ga ya san fiye da rabi. Darussan na ɗan tsakiya ne, mai fita daga tsakiyar wasa da ribar soja ɗaya amma ya tashi da canjaras. Na gaya wa kocin ƙorafina a kan agogo da aikin gida, ya ce zai duba kafin zagaye na gaba bayan Sallah. Na kuma tambaye shi ko zai yarda a biya zaman Asabar kaɗai ba tare da bidiyo ba. In ya yarda zan koma, in kuma zo da allona.