Tsohuwar motar gudu da aka canja wa inji: wacce za ta haye gwajin hayaƙi?

A ce an jera maka Datsun 280Z guda biyu a gareji ɗaya a jihar Kaliforniya ta Amurka. Launi ɗaya, kujeru iri ɗaya, kowacce an cire mata injinta na asali mai silinda shida an dasa mata V8 na Chevrolet, wato inji mai silinda takwas. Ɗaya ta 1975 ce, ɗaya ta 1976. Ido ba zai raba su ba, amma doka ta raba su. Ta 1975 ba ta shiga layin gwajin hayaƙi. Ta 1976 kuwa, a yawancin sassan jihar, duk shekara biyu sai an duba ta, kuma idan canjin injin bai bi ƙa'ida ba, ba za a sabunta mata rajista ba. Ka biya kuɗin mota, ka koma kallonta a tsakar gida.

Mu da muka taso inda bakanike ke dasa duk injin da ya zauna a bodi, in ya tashi shi ke nan, mukan fara tambayar ƙarfin inji. A nan kuwa tambayar farko ita ce shekarar motar, ta biyu kuma ina takardar injin.

Mota mai fetur ta 1975 zuwa baya ita ce hanya mafi sauƙi, irin su Datsun 240Z da Porsche 911 na farko-farko da Jaguar E-Type. Ba a gwada su, shi ya sa masu son canja inji ke rububinsu, farashinsu kuma ya kan ɗara na 'yan uwansu da suka biyo baya. Sai dai a lura, yafe gwaji daban, yafe doka daban: cire kayan rage hayaƙin da mota ta fito da su daga kamfani har yanzu laifi ne a ƙarƙashin dokar jihar da ta tarayya. Kada kuma mai sayarwa ya ce maka ka yi haƙuri, ta 1976 ta kusa shiga sahun waɗanda aka yafe. A da akwai tsarin da duk motar da ta cika shekara 30 take fita daga gwaji, amma an tsayar da shi a 2005, aka kafe iyaka a 1975. Tun daga lokacin ba ta motsa ba.

Sai motar 1976 zuwa sama da ke ɗauke da injinta na asali. Mutane na ɗauka wannan ba ta da matsala, alhali ita ma tana da tarkonta. Gwajin motocin 1976 zuwa 1999 ba auna hayaƙin salansa kaɗai ba ne. Mai gwajin zai buɗe murfin inji ya bi da ido: famfon da ke tura iska cikin salansa yana nan? Bawul ɗin da ke mayar da hayaƙi cikin inji fa? Katalis, wato tukunyar tace hayaƙi da ke jikin salansa, idan motar ta fito da ita, tana nan? Ko da hayaƙin ya fita tas, abu ɗaya ya ɓace an faɗi. Motocin shekarun 1970 kuwa hannu da yawa sun taɓa su. Porsche 911 mai lita 2.7 da aka sayar a Kaliforniya a tsakiyar shekarun nan ta zo da wasu tukwanen ƙone ragowar hayaƙi da ke dafa injin da zafi, masu motoci da yawa suka cire su suka zubar. Wani kuma ya cire tsarin man asali ya ɗora kafireta ta Weber don daɗin ƙara. Neman waɗannan kayan yau aiki ne na watanni, wani lokacin sai a wurin 'yan gwangwan.

Yanzu ga inda zancen ya fi nauyi: mota ta 1976 zuwa sama da aka dasa wa wani inji daban. Kaliforniya ba ta hana wannan ba, sharuɗɗa ta gindaya. Injin ya zama na shekarar motar ko wanda ya fi ta sabunta, ba a komawa baya. Ya fito daga ajin mota irin nata, ba za a ɗauko injin babbar motar kaya a saka wa ƙaramar mota ba. Idan motar an ƙera ta ne bisa ma'aunin Kaliforniya, injin ma sai ya zama na wannan ma'aunin. Sannan mafi wahala, injin ya taho da dukkan kayan hayaƙinsa: katalis ɗinsa, na'urorin auna iskar salansa, gwangwanin gawayi mai kama tururin fetur, kwamfutar injin da manhajarta ta asali. Idan injin na 1996 zuwa sama ne, sai an ga soket ɗin OBD II, inda ake jona na'urar binciken inji, yana aiki, fitilar gargaɗin inji tana kamawa a gaban direba. Da ma'aunin shekarar injin za a auna motar daga nan gaba, ba da na bodin ba.

Bayan an gama aikin, sai a kai motar gaban jami'in tantancewa na hukumar BAR, mai kula da gyaran motoci a jihar. In ya gamsu, zai manna wa motar wata takarda da ke bayyana injin da kayan da ya kamata a gani a jikinsa. Wannan 'yar takardar ita ce dukiyar. Don haka in ka je duba mota, kafin ka ce a tayar maka da ita, buɗe ƙofar direba ka duba ginshiƙin ƙofar, ka leƙa ɗakin injin. In ka same ta, karanta ta layi-layi, ka kwatanta da abin da ke gabanka. Durƙusa da tocila ka bi salansa daga inji har baya. Sabon walda mai ƙyalli a inda ya kamata katalis ya kasance yana nufin an haye gwaji sannan aka cire shi. Duk wani kayan ƙarin ƙarfi da aka ɗora, kamar bututun shan iska ko bakin salansa na musamman, nemi lambar EO a jikinsa, wato shaidar amincewar hukumar CARB mai kula da tsabtar iska. Ka kuma tambaya ko an taɓa manhajar kwamfutar injin, domin tun watan Yulin 2021 ana kayar da motar da aka samu da manhajar da ba ta kamfani ba ce kuma ba ta da EO.

Wadda aka canja wa inji ba ta da wannan takarda fa? Ita ce mafi araha a kasuwa, kuma ni dai ba zan ba mai sayen farko shawarar ya taɓa ta ba. Za ka ji ana cewa saura ƙiris, abu kaɗan ya rage. Da kaɗan ne, da mai ita ya ƙarasa ya sayar da tsada. Sau da yawa matsalar a tushe take: injin ya girmi motar, ko daga babbar mota aka ciro shi, ko babu sararin da katalis zai zauna a ƙarƙashin bodin Mazda RX-7 ko Porsche 944. Dokar jihar ta ɗora wa mai sayarwa nauyin kawo shaidar haye gwaji da ba ta wuce kwana 90 ba. Wanda ya ce kai za ka je ka yi, ya riga ya faɗa maka halin motar.

Ga mai kuɗi da ke son V8 ba ciwon kai, akwai E-ROD na kamfanin Chevrolet: sabon injin LS3 mai lita 6.2 da ƙarfin doki 430, wanda ke zuwa da katalis da kwamfuta da gwangwanin tururi, da lambar EO ta motocin 1995 zuwa baya. Yana da tsada, amma tsadar a fili take tun ranar farko.

Mai shirin shigo da mota Amurka daga waje ya kula da wani abu: hukumar EPA mai kula da muhalli ta Amurka tana yafe wa motar da ta kai shekara 21 ne idan tana yadda aka ƙera ta. Canjin inji na iya rushe wannan rangwamen tun a tashar jirgin ruwa.

A Birtaniya lissafin ya sha bamban. Tun 20 ga Mayun 2018, motar da ta haura shekara 40 ba dole ba ne ta yi gwajin MOT, wato duba lafiyar mota na shekara-shekara, muddin ba a yi mata babban sauyi ba cikin shekara 30 da suka wuce. Sauya inji da wani na dangi ɗaya mai girma daban, ko da wanda kamfanin ya taɓa saka wa irin motar, ba a ɗaukarsa babban sauyi. Shi ya sa MGB mai V8 na Rover ke da hujja, tunda kamfanin MG da kansa ya fitar da MGB GT V8 daga 1973 zuwa 1976. Triumph Stag kuwa, wadda injinta ya yi ƙaurin suna wajen zafi har mutane suka riƙa musanya shi, hanya ɗaya ita ce mai ita ya nuna cewa canjin ya haura shekara 30. Rasitin gareji da ya yi jawur a cikin fayil ɗin motar yana da daraja a nan. In ma an koma MOT, abin da sauƙi: motar fetur da ta fara hawa titi kafin Agustan 1975 da ido ake duba hayaƙinta, daga nan zuwa Yulin 1986 kuma iyakar iskar CO mai guba a cikin hayaƙin kashi 4.5 cikin ɗari ce. A Landan, motar da ke ajin harajin motocin tarihi ba ta biyan fam 12.50 na yankin ULEZ, inda ake cajin motoci masu yawan hayaƙi.

Jamus kuwa tana da tsauri kan asali. Lambar mota mai harafin H, da ake ba motar da ta cika shekara 30, tana sa harajin shekara ya tsaya a yuro 191.73, tana kuma buɗe ƙofar unguwannin da aka hana motoci masu hayaƙi shiga. Amma sai sauyin ya dace da zamanin motar, irin wanda aka saba yi cikin shekara 10 na farkon rayuwarta. Injin zamani a tsohuwar 911 zai hana ta lambar H.

Da ni ne a gaban Datsun ɗin nan biyu, ta 1975 zan ɗauka ko da ta fi tsada. Ta 1976 sai in na ga takardar BAR a ginshiƙin ƙofa, na ga katalis a ƙasa, mai motar kuma ya miƙo min shaidar gwaji ta cikin kwana 90 kafin mu fara ciniki.