Yaya, ga amsar tambayarki kan abin da nake ci a Saigon

Assalamu alaikum Yaya. Ya gida, ya yara, ya kasuwa? Ya ƙarfin jikin Inna? Allah ya ƙara mata lafiya.

Duk wayar da za mu yi sai kin tambaye ni me nake ci a ƙasar nan, ni kuma in ce miki alhamdu lillahi ana ci, mu shiga wata maganar. Yau Lahadi ba na zuwa wurin aiki, shi ya sa na zauna in ba ki amsa yadda ya kamata. Ke ce mai gidan abinci a zuriyarmu, ke zancen zai fi yi wa amfani. Na ajiye shi a nan ne domin 'yan uwa masu shirin zuwa Biyetnam fatauci su ma su gani.

Ba zan ɓoye miki ba, watanni biyun farko na sha wuya. Burodi, ƙwai da ayaba su ne suka riƙe ni. Ba don babu abinci ba, ai ban taɓa ganin garin da ake girki a bakin titi kamar Ho Chi Minh ba, wanda mutanensa har yau suka fi kiransa Saigon. Matsalar ita ce alade. Shi ne naman yau da kullum a nan, kamar yadda naman sa yake a wurinmu. Kuma ba tsokar da ido ke gani ce kaɗai abin gudu ba. Da ƙashinsa ake haɗa romon miya da yawa, da kitsensa wasu ke suya, har garin ɗanɗano da suke barbaɗawa a girki, irin dunƙulenmu, galibi da romon ƙashin alade ake yinsa. Wata rana a wani lungu na sayi soyayyar shinkafa da ƙwai, na nuna wa matar da hannu cewa ban da nama, ta gyaɗa kai. Sai da na buɗe robar a ɗaki na ga ta barbaɗa wani abu a kai mai kama da dambun nama. Na tambayi maƙwabcina ya ce na alade ne. Ba mugunta ta yi min ba, a wurinta wannan ba ya cikin lissafin nama, ado ne. Ranar da shayi na kwana. Tun daga nan na haddace kalmomi huɗu: bo sa ne, ga kaza, ca kifi, heo kuwa alade. A Hanoi da sauran arewa lon suke ce masa.

Masallaci ne ya warware min. Akwai babban masallacin Juma'a a titin Dong Du a tsakiyar gari, wanda Musulmin kudancin Indiya suka gina a 1935. A nan na haɗu da mutanen Cham, Musulmin ƙasar, waɗanda da yawansu asalinsu daga Chau Doc ne a lardin An Giang, kusa da iyakar Kambodiya. Su suka nuna min titin Nguyen An Ninh da ke gefen kasuwar Ben Thanh, inda gidajen abincin halal suke jere saboda baƙi 'yan Malesiya da Indunusiya. Da azumi kuma akwai wani lungu a titin Duong Ba Trac, kusa da masallacin Jamiul Anwar, inda matan Cham ke baje kayan buɗa-baki bayan azahar. Da na shiga lungun nan na ga mata da mayafi ana ta zuba kayan zaƙi a leda, yara na kai-komo, sai da ƙwalla ta taru min, don ban ga bambancinsa da ƙofar gidanmu da yammacin azumi ba.

Akwai kuma hanya ta biyu mai sauƙin kuɗi. Duk inda kika ga an rubuta chay a allon shago, abincin mabiya addinin Buddha ne, babu nama babu kifi, ganye ne da awara da shinkafa. E, awara irin tamu ta waken suya, har sun fi mu iya sarrafa ta. Ranar 1 da ranar 15 ga watansu na gargajiya shagunan nan cika suke yi, don ranakun ne da yawansu ke ƙaurace wa nama.

To bari in zo kan pho, wanda shi ne sunan da duniya ta fi sani. Taliyar shinkafa ce mai faɗi, fara sol, a cikin romon ƙashin sa. In an faɗa haka sai ki ce ai ba wani abu ba ne. Aikin yana cikin romon. Mai shagon halal da nake zuwa ya bar ni na leƙa madafarsa. Sai ya fara tafasa ƙasusuwan ya zubar da ruwan farko, ya wanke su tas, sannan ya ɗora sabon ruwa a ƙaramar wuta tun dare har asuba, yana kwashe kumfa. Citta da albasa kuwa ba ya jefa su ɗanye, sai ya gasa su a wuta bayansu ya yi baƙi, ya kankare. Sai kirfa, kanumfari, da wani busasshen ɗan itace mai siffar tauraro. Babu manja, babu tumatir, babu attaruhu a cikin tukunyar. Romon yana fitowa garau kina hango gindin kwano, amma in kika kurɓa sai ki ji nauyinsa har ƙirji. Naman ana yanka shi siriri kamar za a yi kilishi, a shimfiɗa kan taliya, a kwarara tafasasshen romo a kai, nan take ya dahu. Sai a ajiye miki faranti guda na ɗanyen ganye, wani mai kama da ɗoɗɗoya, tsiron wake, lemun tsami da yankakken barkono, ke za ki haɗa yadda bakinki ke so. Asalinsa abincin arewa ne, wajen Nam Dinh da Hanoi. Da aka raba ƙasar biyu a 1954 dubun dubatar mutanen arewa suka yi ƙaura zuwa kudu, suka taho da shi. Har gobe ɗan Hanoi gani yake na Saigon ya cika zaƙi da tarkacen ganye. Na ci duka biyun, na arewan ya fi kwanta min.

Yaya, gashin cittar nan ki gwada shi a farfesunki. Na gwada a ɗakina da ƙafar sa, ƙamshin daban ne.

Abin da ya fi ba ni wahalar sabawa shi ne nuoc mam. Ƙananan kifaye ake jerawa da gishiri a manyan gangunan katako, a rufe kusan shekara, ruwan da ya tsatso shi ne kayan ɗanɗanon ƙasar gaba ɗaya. Na tsibirin Phu Quoc da na Phan Thiet su suka fi suna. Ranar farko da na ji warinsa na toshe hanci. Sai wani abokin aikina ɗan ƙasar ya shigo ɗakina ranar da nake kaɗa miyar kuka da ragowar daddawar da kika ƙunso min, shi ma ya toshe nasa hancin. Daga nan na gane daddawarsu ce. Ba a shanta haka nan, amma miyar da babu ita salam take. Yanzu kwalba ba ta yankewa a ɗakina.

Ki shiga kasuwar unguwa da sassafe ki sha mamaki. Ga kuɓewa, ga tsamiya, ga alayyafo, ga zogale, ga rogo da dankali, har lalo na gani, suna ce masa rau day, suna miyarsa da ƙaguwa, da yauƙinsa da komai. Akwai wata miya ta mutanen kudu mai suna canh chua, ruwan tsamiya ne da kifi irin tarwaɗa, kuɓewa, tumatir da abarba. Babu abin da ke cikinta da ba za ki samu a Yankaba ba, in ban da ganye ɗaya ko biyu. Akwai banh xeo, ƙullun shinkafa da kurkum da madarar kwakwa, ana zuba shi a kasko ya yi faɗi kamar sinasir amma ƙararras, a naɗe da jatan lande a ciki. Shi sai a gidan halal, don na titi ana haɗawa da alade. Shi kuwa com tam, karyayyar shinkafa ce wadda a da manoma ke ci saboda ba ta sayuwa, yau ta zama abincin da Saigon ke taƙama da shi. Na tuna yadda ake raina tsakin shinkafa a injinan Kura, sai dai a yi tuwo ko a ba kaji.

Burodinsu mai suna banh mi gadon Faransawa ne, dogo, bayansa na ƙaras-ƙaras. Ana tsaga shi a cusa nama da ganye. Wanda ba na halal ba ki guje shi ko da na ƙwai ne, don suna shafa masa niƙaƙƙiyar hantar alade kafin komai. Bun cha kuma, wanda Obama ya ci a Hanoi a 2016 har aka yi ta yayatawa, gasasshen alade ne, ba namu ba ne.

Yanzu ga abin da ya fi tsaya min a rai, kuma shi ne dalilin wannan doguwar takarda. Mai abinci a nan abu ɗaya take sayarwa. Mai pho pho kawai, mai shinkafa shinkafa kawai, wata shekara ashirin tana kan tukunya guda. Cefanenta kaɗan ne, asararta kaɗan ce, hannunta ya faɗa, kafin ki gyara zama a 'yar kujerar roba kwano ya iso. Wasu ƙarfe goma na safe sun sayar sun wanke tukunya sun tafi. Na tuna ki da asuba kina fama da tuwo, shinkafa da miya, dafa-duka, taliya, alala da farfesu duk a murhu uku, da dare kuma a rasa yadda za a yi da ragowa. Ban ce ki koma abu ɗaya ba, na san mutanenmu suna son zaɓi. Amma waina da miyar taushenki ita ce ake layi a kai, ke ma kin sani.

Kuɗin kuma bai kai yadda ake zato ba. A 2024 dala ɗaya ta kai dong 25,000 da 'yan kai, dong shi ne kuɗin ƙasar. Kwanon pho a shagon unguwa 40,000 zuwa 60,000 ne, na halal a tsakiyar gari ya fi haka tsada, wani lokaci ninki biyu. Shinkafa da awara a shagon chay ba ta wuce rabin wannan. Shayi mai ƙanƙara wasu kyauta suke bayarwa, amma jiƙaƙƙen tsumman goge hannu da ake ajiyewa a tebur, in kika fasa ledarsa za a sa miki a lissafi. Tsohuwa mai tallan 'ya'yan itace ma tana da 'yar takarda mai lamba, ki haska da waya kuɗi ya shige, babu rigimar canji. In ruwa ya tsare ni a ɗaki, ɗan babur na Grab ya kawo min abinci da zafinsa.

Duk wannan wutar lantarki ce ta riƙe shi. Tun da na zo ban ji ƙarar janareta a layinmu ba. Ƙanƙara kamar ƙasa, kifi yana kwance a kanta a kasuwa, wani ma da ransa a cikin baho. Ke kuwa ribarki rabi a man janareta da ƙanƙarar saye take tafiya. Idan na tuna haka raina yana ɓaci, don na san ba iya girki suka fi ki ba.

Akwai inda muka fi su nesa ba kusa ba. Ba su da abin da zai tsaya kusa da tsire ko kilishi ko balangu. Abincinsu ba ya riƙe ciki, ki sha pho da safe kafin azahar yunwa ta dawo, ba kamar tuwon dawa ko ɗumame da zai kai mutum la'asar ba. Mutanen kudu suna sa sukari a kusan komai, har a miyar kifi, wannan har yau ban saba ba. Barkononsu yana da zafi amma ba shi da ƙamshin yajinmu na ƙuli. Fura da nono kuwa sai dai a mafarki.

Kofi nasu ne, Brazil kaɗai ta fi su nomansa, da yawansa daga tsaunukan Dak Lak. Ana ɗora ɗan ƙaramin matacin ƙarfe a bakin kofi yana ɗiga a hankali kan madarar gwangwani mai kauri, a juye kan ƙanƙara. Yana da ƙarfi ƙwarai, ba na shansa bayan la'asar. Rake kuma ba sa zama shan sa da haƙori kamar mu. Inji ne a kan amalanke, a matse a gabanki da ɗan ƙaramin lemo, a miƙo miki a kofi mai sanyi. Da za ki ajiye irin injin nan a ƙofar shago lokacin zafi, da raken da ake kawowa Kano, ba na jin za ki huta. Na tambayi kuɗinsa, zan turo miki hoto.

Na bar maganar wurin aikina a ƙarshe don ita ta fi yi min ciwo. Kin san yazawa ce ta kawo ni. Biyetnam ce kan gaba a duniya wajen fitar da ɓararriyar yazawa, amma mafi yawan ɗanyen daga waje take sayowa, daga Kambodiya, Kodebuwa, Gana da Najeriya. A ma'ajiyar da nake duba kaya a yankin Binh Phuoc, buhunan da aka loda daga Kogi nake buɗewa da hannuna. A nan za a turara, a fasa, a ɓare, a gasa da gishiri, a zuba a gwangwani mai kyau, a sayar da tsada. Na sayi gwangwani biyu zan ba mai tahowa ƙarshen wata ya kawo miki, ɗaya naki ɗaya na Inna, tare da matacin kofi da ɗan itacen nan mai siffar tauraro don ki gwada romon.

In zai dawo, don Allah ki haɗo min kuka, daddawa, yajin ƙuli da busasshiyar kuɓewa, a ɗaure sosai a leda biyu saboda masu duba kaya a filin jirgi. Kada ki sa kilishi, ba sa barin nama ya shigo. Ki gaida Inna da kyau, ki ce mata ina cin abinci, na ma ƙara ƙiba. Ki shafa min kan yara.

Ƙaninki.