56K na tsohon modem da 500 KB/s na wayarka ba da mudu ɗaya aka auna su ba

Ɗan'uwa, ka ce ka tsinci tsohon modem, na'urar da ake haɗa kwamfuta da intanet da ita ta layin tarho, a cikin kayan mahaifinka, an rubuta 56K a jikinsa, wayarka kuma tana nuna 500 KB/s a saman allo idan kana sauke bidiyo. Ka raba 500 da 56, ka ga kamar sau tara kawai wayar ta ninka shi, shi ne kake tambaya ko haka ne. Ba haka ba ne. Ta ninka shi sau saba'in da ɗoriya, kuma duk rikicin a kan harafi ɗaya yake.

Modem da bit yake awo, wayarka kuma da bayit take nuna maka. Bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Ƙaramin b na bit ne, babban B na bayit. Kamar mutum biyu ne a kasuwar hatsi, ɗaya yana ƙirga gwangwani, ɗaya yana ƙirga tiya, kai kuma ka ji adadin kawai ba ka tambayi ma'aunin ba.

To mu zuba su a ma'auni ɗaya. 56K na nufin bit 56,000 a sakan ɗaya. Raba da 8, ka sami bayit 7,000, wato kilobayit 7 a sakan, 7 KB/s. Wasu manhajojin suna ƙirga kilobayit a 1,024, su sai su nuna maka 6.8, amma abu ɗaya ne. In kana son ma'aunin da kamfanonin sadarwa ke talla da shi a yau, 56K shi ne 0.056 Mbps (megabit a sakan). Wayarka kuma, 500 sau 8 ya ba da 4,000 kbps (kilobit a sakan), wato 4 Mbps. Saboda haka 7 za ka jera da 500, ko 56 da 4,000. Haka za ka yi wa modem ɗin da suka gabace shi: mai 33.6K yana ba da 4.2 KB/s, mai 28.8K 3.6, mai 14.4K kuma 1.8.

Ni na fi ganin bambancin a agogo. Hoto mai megabayit ɗaya, wayarka za ta sauke shi a sakan biyu, modem ɗin sai ya ci minti biyu da sakan 23. Gigabayit ɗayan da ke ƙare maka kafin la'asar, a gudun wayarka minti 33 ne da 'yan kai. A modem ɗin kusan awa 40 ne, dare da rana, layi bai yanke ba ko sau ɗaya.

Sai dai ko 7 ɗin nan a takarda take. Na yi amfani da irin wannan na'ura a layin tarho na girke, kuma har yau ina jin ƙarar nan da take yi lokacin haɗuwa, tsuwa da shuuu kamar ana neman tasha a rediyo. Abin da idona ya saba gani a akwatin saukewa shi ne 4 ko 5 KB/s, da damina kuma idan danshi ya shiga waya ya kan faɗi ƙasa da haka. Dalilin yana cikin yadda aka sami 56 ɗin tun farko. Cibiyar tarho tana ɗaukar murya sau 8,000 a sakan, kowane ɗauka bit takwas, ya zama 64,000. Modem yana iya cin moriyar bakwai ne kawai daga cikin takwas ɗin, 8,000 sau 7 kuwa 56,000 ne. Wannan rufi ne, ba a wuce shi, kuma ƙaramar hayaniya a layi tana sauko da kai. A Amurka ma dokar ƙarfin sigina ta tsayar da shi a wajen 53.3K. Sannan 56K ɗin na saukewa ne kawai. Wajen turawa, tsarin modem mai suna V.90 na 1998 a 33.6K ya tsaya, V.92 na 2000 ya ɗaga shi zuwa 48K.

Akwai lambobi biyu da suka ruɗi mutane da yawa a lokacin. Wani lokaci Windows kan nuna 115,200, mutum ya yi ta murna, alhali gudun da ke tsakanin kwamfuta da modem ne, iyakar tsawon igiyar da ke kan tebur. Na biyun kalmar baud ce, wadda ake ta haɗa ta da bit. Baud yawan sauyin sigina ne a sakan, kuma sauyi ɗaya yana iya ɗaukar bit da yawa. Modem mai 33.6K bai wuce baud 3,429 ba.

In ka ji wani dattijo ya ce ya taɓa ganin 10 KB/s a irin wannan modem, kada ka ƙaryata shi. Na'urar tana matse rubutu kafin ta aika, don haka shafin rubutu zalla yana iya wuce 7. Hoto da waƙa an riga an matse su, ba sa ƙaruwa.

Juya naka ka duba ƙasansa. In ka ga V.90 ko V.92, lissafin nan duka nasa ne. In x2 ko K56flex ka gani, na 1997 ne, lokacin da kamfanoni ke takara kowa da nasa tsarin, kuma idan bai dace da na mai ba da intanet ba, a 33.6K yake tsayawa, wato 4.2 KB/s.