Sharhi: farantan sitairin na Evergreen da gam ɗin Tamiya Extra Thin wajen ƙera GMC CCKW a sikelin 1/35

Wanda zai ƙera ƙaramar motar soja tun daga tushe, ba wadda ake sayowa a kwali a harhaɗa ba, abu biyu ne ba za su bar hannunsa ba har ya gama: farantin roba da gam. Da farantan sitairin na Evergreen da gam ɗin Tamiya Extra Thin na ƙera GMC CCKW-353 a sikelin 1/35, wato kowane awo na motar gaske an raba shi gida 35. Ga duk abin da yake miƙaƙƙe mai kusurwa, ban ga abin da ya kama ƙafarsu ba. Amma taya, da sassan da za su ɗauki nauyi, da lanƙwasa mai zuwa ta fuska biyu, waɗannan sai an nemo wani abin daban.

Motar ta dace da wannan gwaji. Ita ce babbar motar sojan Amurka mai ɗaukar tan biyu da rabi, mai aksul uku kuma dukkansu suna ja. An ƙera fiye da 560,000 tsakanin 1941 da 1945, kuma ita ce ƙashin bayan jigilar Red Ball Express a Faransa a 1944. Jikinta kusan duk shafaffen ƙarfe ne da katako, irin abin da sitairin ke so. Sai dai kafin a yanka komai a tsayar da wacce ake ginawa, domin iri-iri ce. Mai lamba 353 doguwa ce, tazarar ƙafafunta inci 164, wato milimita 119 a 1/35, bodinta kuma ƙafa 12, wato milimita 104.5. Mai lamba 352 gajera ce, inci 145, wato milimita 105. Na farko-farko rufaffen kai gare su, na baya buɗaɗɗe mai rufin tamfol. Bodin ya fara da ƙarfe, daga baya aka koma katako don tsimin ƙarfe. Aksul ma iri biyu ne, na Timken mai rabuwa biyu da wanda ake kira banjo, kuma siffarsu ta bambanta ƙwarai. Littafin sojan Amurka TM 9-801 yana da hotuna da zane-zanen da za su raba gardama.

Farantan suna zuwa da faɗin inci 6 da tsawon inci 12, farare, kaurinsu daga milimita 0.13 zuwa sama: 0.25, 0.4, 0.5, 0.75, 1.0, 1.5, 2.0. Siraran sanduna kuma tsawonsu inci 14 ne, akwai masu faɗi, akwai zagayayyu, akwai bututu, akwai masu siffar kwata. Abin da ya fi burge ni shi ne kaurin ba ya wasa. In an auna farantin 0.5 a wannan gefe, aka auna a wancan, abu ɗaya za a samu, kuma sanduna goma daga leda ɗaya in an jera su sai su kwanta daidai. Wanda ya taɓa ƙoƙarin yanka siririn 0.25 da faɗin milimita 1 da hannu, guda talatin, ya san darajar wannan.

Ga lissafin da ya kamata ya zauna a kai. Farantin 0.25 a sikelin 1/35 daidai yake da ƙarfe mai kaurin milimita 8.75 a mota ta gaske, na 0.13 kuma kusan 4.5. Ƙarfen jikin mota bai kai ko kusa da haka ba. Ke nan duk abin da aka yanka ya fi ƙima kauri, kuma ido a baki yake kama wannan, ba a tsakiya ba. Maganinsa a yi sashen da 0.4 ko 0.5 don ya yi ƙwari, sannan a kankare bakinsa ta ciki da bayan wuƙa har ya koma siriri. Madigadi da matakala da bakin bodi duk haka ake musu.

Yanka ba shi da wuya in an bi hanyarsa. Ba a huda farantin gaba ɗaya. A ɗora rula ta ƙarfe, a ja wuƙa mai tsini lamba 11 sau biyu ko uku ba tare da dannawa ba, a lanƙwasa, sai ya ɓalle tas a kan layin. Har 1.0 haka yake yi. Daga 1.5 zuwa sama bakin yakan fito a karkace, sai an bi shi da samfefa da aka manna a kan gilashi ko shafaffen katako. Akwai wani ƙaramin abu da yake ɓata aiki ba a lura ba: wuƙa ba ta cire roba, ture ta take yi gefe, sai wani ɗan tudu ya taso a bakin layin. In ba a kankare shi ba, sassan biyu ba za su haɗu a kusurwa daidai ba, kuma kuskuren yana taruwa, kafin a kai bango na huɗu na bodi akwatin ya ƙi rufuwa. Rular kuma a ɗora ta a kan ɓangaren da ake so, ta yadda in wuƙa ta zame sai ta shiga abin da za a yar.

Gam ɗin shi ne inda alheri da sharrin aikin suke. Kwalba ce ta mililita 40 mai koren murfi, da siririn burushi a jikin murfin. Ruwa ne tsararo, ba ya da danƙo ko kaɗan, domin ba manna abu yake yi ba, narkar da fuskokin biyu yake yi su zama ɗaya. Saboda haka ba a shafa shi sannan a haɗa. A haɗa sassan a bushe, a riƙe su yadda ake so, a taɓa bakin burushin a ƙarshen mahaɗar, sai a ga ruwan ya bi tsagar da kansa ya ɓace. Cikin daƙiƙoƙi kaɗan ya kama, amma akwai ɗan lokacin da za a iya gyara zama. Ga aikin shasi da bodi wannan ni'ima ce, hannu ɗaya riƙe da sukwaya, ɗaya da burushi.

Wannan bin tsaga da yake yi ba ya zaɓe. In yatsa yana kusa da mahaɗar, ruwan zai bi ƙarƙashinsa ya buga zanen yatsan a jikin ƙofa. In hakan ta faru kada a goge, a bar shi ya bushe har washegari sannan a bi da samfefa 600, a biyo da 1000. Haka yake bin ƙarƙashin tef ɗin da aka ɗaure sassa da shi. A kan farantin 0.13 da 0.25 kuwa, ɗigo ɗaya da ya wuce ƙima ya isa ya sa wurin ya lotsa, kuma lotsawar ba ta fitowa nan take, sai bayan kwana ɗaya ko biyu, wani lokaci bayan an yi fenti. Dalili shi ne ruwan da ya maƙale tsakanin farantai biyu ba shi da hanyar fita, sai ya ci gaba da cin robar ta ciki. In za a manna siririn faranti a kan mai kauri, a huda ƙananan ramuka a mai kaurin ta baya, a sa gam ta ramukan kaɗan-kaɗan, ko a bi baki kawai. Duk rufaffen akwati, kamar tankin mai ko akwatin kayan aiki, a bar masa rami a ƙasa inda ido ba ya gani don tururin ya fita. Tururin nan yana kama wuta kuma yana sa ciwon kai, a buɗe taga, a rufe kwalbar da zarar an ɗiba. A kuma kafa kwalbar a cikin wani abu mai faɗin gindi, domin in ta kife a kan aiki babu abin da za a ceto.

Shasi ya fi komai buƙatar haƙuri. Dogayen ƙarafansa biyu siffar kwata gare su. Kwatar da ake sayarwa a shirye tana saurin aiki, amma leɓɓanta sun yi wa 1/35 kauri. Na fi son a haɗa ta da hannu: tsakiya da 0.5, leɓɓa da sandar 0.4. Matsalar ita ce mahaɗa tana ɗan tsukewa yayin bushewa, don haka in an manna leɓen sama aka bar shi ya bushe kafin na ƙasa, dogon ƙarfen zai lanƙwashe kamar baka. A manna su biyun a zama ɗaya, a matse tsakanin rula biyu na ƙarfe, a ɗora nauyi, a bar shi awa 24. Wajen haɗa dogayen biyu da masu gicciye, a shimfiɗa zanen a ƙarƙashin gilashi a yi aikin a kai, a auna daga kusurwa zuwa kusurwa ta ɓangarorin biyu. In awon bai zo ɗaya ba shasin ya karkace, kuma duk abin da aka ɗora masa zai gaji karkatar.

Sifirin yana fitowa da kyau in an jera sandunan 0.25 ɗaya bisa ɗaya, kowace ta fi ta samanta gajarta, a kan wani katako da aka sassaƙa da lanƙwasar da ake so. Kyan gani kam akwai. Amma sitairin yana sakin jiki a hankali in nauyi ya daɗe a kansa, bayan watanni sai a ga motar ta zauna. Saboda haka ganyen farko, mafi tsawo, a yi shi da tagulla, aksul kuma a zura sandar tagulla ta milimita 1.5 a cikin bututun roba. A nan Extra Thin ba shi da aiki, ba ya kama ƙarfe ko katako ko rezin, wato ruwan robar da ake zubawa a mazubi ya daskare, sai supa gulu ko gam mai haɗi biyu. Motar tana da taya goma a ƙasa, biyu a gaba, takwas a baya. Kada a manna aksul ɗin baya sai an sa tayoyin duka an ajiye motar a kan gilashi, an ga kowace ta taɓa. Taya ɗaya da ke rataye a iska ta isa ta tona asirin aikin wata uku.

Bodin katako shi ne wurin da farantan suka fi nuna kansu. A yi ƙasansa da 1.0, bango da 0.5, kujerun gefe masu naɗewa da sanduna. Layin da ke tsakanin katakai a tsaga shi da ƙugiyar tsaga, wadda take cire zaren roba, ba da wuƙa ba. Farantin da aka tsaga ta fuska ɗaya yana nannaɗewa, don haka a tsaga bayansa ma ko da ba za a gani ba. Zanen itace kuwa, ja ɗaya ko biyu da samfefa 240 a bi tsawon katakon ya wadatar. Katakon motar soja fenti ne a kansa, zurfafa zanen yana mai da shi kamar tsohon ƙyaure.

Kan mota buɗaɗɗe ya fi sauƙi nesa ba kusa ba. Lanƙwasa ta fuska ɗaya, irin ta madigadi da saman bonet, ana samunta da ruwan zafi: sitairin yana laushi a wajen digiri 100, sai a ɗaure farantin 0.4 a jikin katakon da aka sassaƙa, a tsoma a ruwan da ya kusa tafasa na ɗan lokaci, a tsunduma a ruwan sanyi. Yakan ɗan koma baya, don haka katakon ya fi abin da ake so lanƙwasa kaɗan. Rufin rufaffen kai kuwa yana lanƙwasa ta ko'ina. Sai dai a gasa farantin 0.75 har ya yi laushi a danna masa katakon, kuma a kusurwoyi zai miƙe ya sirance har haske ya ratsa. Hanyar da ta fi tabbas ita ce a jera farantan 1.5 ko 2.0, a bar su mako guda su bushe sarai, sannan a sassaƙa da magagari. In an yi gaggawa layin mahaɗar zai fito a ƙarƙashin fenti.

Kan ribit da noti ana huda su daga farantin 0.25 da ƙaramin mahudi, faɗin 0.5 zuwa 0.7. A ɗauko kowane da tsinin wuƙa, a ajiye, a taɓa gefensa da burushin da aka riga aka tsane a takarda. Da burushi jiƙaƙƙe kan ribit ɗin narkewa yake yi ya zama ɗigo.

Taya kam ba aikin faranti ba ne. Lambarta 7.50-20, wilinta inci 20, wato milimita 14.5 a sikelin, kuma ana buƙatar goma sha ɗaya har da safaya, duk iri ɗaya. A yi guda ɗaya da kyau da zobban sitairin, a manna haƙoran ɗaya bayan ɗaya, a yi mata mazubin silikon a zuba rezin. Rezin ba ya shiri da danshi, kumfa yake yi, don haka mazubi da kofi da sandar motsawa duk su zama a bushe. Tamfol kuma takarda mai laushi da aka jiƙa da farin gam da ruwa, a kan bakunan wayar tagulla ta 0.8. Sandar roba in an lanƙwasa ta haka za ta miƙe ko ta karye.

Kafin fenti a wanke da ruwa da sabulu don cire maiƙon hannu da ƙurar samfefa, wadda farantan ke jawowa su riƙe. Farar roba tana ɓoye aibi, sai an fesa shimfiɗar fenti mai launin toka za a ga tsagogin da suka rage. Wajen cike su a guji foti mai ƙarfin tina, wato ruwan da ake tsinka fenti da shi, a kan siraran farantai, yana cin su yadda gam ke yi. Gara a cusa siririyar roba a tsagar a taɓa da gam, ko a yi amfani da foti mai haɗi biyu. Fesawar farko ta zama ƙura-ƙura, domin tina mai ƙarfi in ta kwanta jiƙe a kan tsirarar roba tana yamutsa fuskarta. Bayan koren soja ya bushe, in za a zuba ruwan datti mai tinar enamel don fito da lunguna, kada a bari ya taru a kan sifirin da wuraren da aka lanƙwasa da ƙarfi. Robar da ke cikin matsi tana tsagewa in wannan tina ta jiƙa ta, kuma mahaɗar aksul ce ke fara saki. A shafa kaɗan da ƙaramin burushi, a tsane abin da ya taru da bakin takarda tun bai shiga mahaɗar ba.