Bakin kogin Isa: a zauna tare ko a kai talaka bayan gari?

In za a gyara bakin kogi a Yamai, daga korniche Yantala har Gamkalle, hanya biyu ce a gabanmu. Ta farko a kwashe masu ƙaramin ƙarfi a ba su parsel can nesa, kamar yadda aka kai mutane Seno, wata unguwa a bayan gari, bayan ambaliyar 2012, sai a bar wurin ga otal da manyan gidaje. Wannan tana da sauri kuma tana raba mutane da ruwa, duk wanda ya ga 2020 lokacin da kogi ya kai kusan mita 7 ya shiga unguwannin Saga da Lamorde ya san ba wasa ba ne. Amma fa mai lambun salati, masunci, mai wanki, duk abincinsu a bakin ruwan yake, in ka kai shi bayan gari kullum sai ya biya faba-faba, wato ƙaramar motar haya, zuwa da dawowa, yara lakwal ta yi nisa, ƙarshe wasu su saida parsel ɗin su dawo.

Ta biyu a ƙarfafa dig, wato shingen da ke tare ruwan kogi, a tada ƙasa, a gina etaj inda ma'aikaci da ɗan kasuwa da mai lambu za su zauna unguwa ɗaya, luwaye daidai ƙarfin kowa. Ta fi tsada, gaskiya, kuma in ba a rubuta doka ta hana ƙara luwayen ba masu hannu da shuni za su kwashe ɗakunan duka. Ni dai wallahi wannan na fi so, da sharaɗin a fara lissafa mazauna wurin na asali kafin a aza bulo ko ɗaya.