Wasiƙa daga Niyuzilan: tsibirin da aka hana ɓera shiga

Assalamu alaikum Yaya. Ina gaisuwa, a gaishe mini da Inna da yara.

Ka tambaye ni yadda kaya da hidima suke a nan Okland. Naman rago akwai shi a wadace, halal ɗinsa ma ba ya wuyar samu, sai dai tsada. Daddawa da kuka kuwa ban sa su a ido ba tun zuwana. Amma abin da na fi son ba ka labari shi ne tafiyar da muka yi zuwa wani tsibiri, Tiritiri Matangi, tafiyar awa ɗaya da 'yan mintoci a jirgin ruwa.

Ka san a tashar motarmu tambayar ita ce kayanka nawa, nawa za ka biya. A nan, kafin mu hau jirgi sai da aka tabbatar kowa ya duba jakarsa ya zuge ta, abinci yana cikin mazubi mai murfi, takalmi an goge shi tas, ba laka ba irin ciyawa. Ɓera ake tsoro, da tururuwa. Da farko na ga kamar an cika tsanani, sai da aka yi mini bayani. Ƙasar nan asalinta ba ta da dabbar tudu mai shayarwa in ban da jemage, shi ya sa tsuntsaye da yawa suka saba da zama a ƙasa, wasu ma ba sa tashi sam. Da mutane suka zo da ɓera da kyanwa, sai ƙwai da 'yan tsaki suka zama abincinsu.

Tsibirin hekta 220 ne, kuma da can makiyaya ce da aka sare itatuwanta. Daga 1984 zuwa 1994 'yan sa kai suka dasa bishiyoyi sama da 250,000, a 1993 aka kashe ɓerayen da ke ciki, aka kuma riƙa dawo da tsuntsaye. Na ga wani tsuntsu mai suna takahe da idona, Yaya: ya fi zakara girma, shuɗi da kore, baki ja, yana kiwo a ciyawa ba ya ko gudunmu. An daɗe ana zaton ya ƙare a duniya, sai a 1948 aka sake ganinsa a duwatsun kudancin ƙasar.

Hidimar wurin ba ta da ƙyale-ƙyale. Babu gidan abinci, da guzurinka za ka zo, shararka kuma da ita za ka koma. Dattijuwar da ta zaga da mu ba albashi take karɓa ba, amma ta san kukan kowane tsuntsu kamar muryar jikokinta. Kuɗin jirgin ya ɗan taɓa aljihu, ban yi da-na-sani ba.

A hanyar dawowa ungulu ce ta faɗo mini a rai. Ka tuna yadda suke cika kwata muna yara, har mahauta na korarsu? Zuwana gida na ƙarshe ban ga ko ɗaya ba, sai kawunansu a shimfiɗar masu magani ranar kasuwa. Abin ya tsaya mini a zuciya har yau.

Don Allah in ka bi ta kwata ka ɗaga kai ka duba mini, ka kuma tambayi tsofaffin mahauta yaushe rabonsu da ganinta. Ina jiran amsarka.

Ƙaninka.