Rumfar haya: kolye zan ce ka saya, ba ƙwallo ba

Ɗan'uwa mai tambayar abin da zai haɗa ƙarafan rumfar biki ta haya da shi, ko kolye (maɗaurin ƙarfe mai bulon da noti da ke damƙe bututu biyu wuri guda) ko ƙwallon ƙarfen nan mai ramuka da aka turo maka hotonsa: sayi kolye. Dukansu biyu na zuba kuɗina a kansu a nan Yamai. Ɗaya har gobe da shi nake ciyar da iyali, ɗayan kuwa yana ƙulle cikin buhu a bayan ɗaki.

Kolyena na farko na hannu ne, a kasuwar Katako na same su wajen wani dattijo da ya kwaso ragowar kayan wani gini da aka kammala. Guda sittin, duk sun yi baƙi, wasu siminti ya bushe a jikinsu. Ya zaunar da ni a kan benci, ya ɗora mini guda a tafin hannu ya ce, "Yaro, ji nauyinsa tukuna kafin mu yi maganar kuɗi. Wannan ƙira ce." Na jiƙa su cikin gazuwal kwana biyu, na bi haƙoran bulon ɗin da burushin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, na shafa musu giris. Bana shekara tara ke nan suna aiki, uku kacal suka mutu, su ma bulon ne ya ci, ba jikin ba.

Ranar da na san na yi saye mai albarka ita ce wani ɗaurin aure a Talaje, cikin watan Yuni. Mun kafa tun da hantsi, mita shida a mita goma sha biyu, mata sun cika ciki maƙil da yara a goye. La'asar sakaliya sai gabas ta yi ja wur. Duk ɗan Yamai ya san wannan bangon ƙura da ke zuwa gaban ruwan farko. Na ce wa yarana su yanke igiyoyin tamfol na gefe iska ta samu hanya, ni kuma na rungumi ƙafar kusurwa ina jin ƙarfen yana rawa a ƙirjina. Kujeru suka yi ta birgima a layi, kwanon rufin wani shago ya tashi ya faɗa gidan maƙwabta, amma rumfar nan ko taku ɗaya ba ta gusa ba. Da dare uwar amarya ta aiko mini da kwanon dambu da zogale, ta ce a gaya wa ɗanta mai rumfa Allah ya yi masa albarka. Har yau duk bikin danginsu ni ake kira.

Sai dai kada in yaudare ka, ba kolye kaɗai ya riƙe ta ba. Murabba'i huɗu na ƙarfe, komai ɗaurinsa, idan aka tura shi daga gefe kwantawa yake yi. Abin da ke hana shi shi ne bututun da ka gitta daga gindin wannan ƙafa zuwa kan waccan, ya raba shi gida biyu masu kusurwa uku. A kowane gefe ina sa aƙalla guda, a rufi ma haka. Ƙafafun kuma ana kafe su da turaku ko a danne su da buhunan yashi, don iska ɗaga rumfa take yi sama kamar laima kafin ta kayar da ita.

Kolye iri uku za ka buƙata. Akwai tsayayye mai haɗa bututu biyu a gicciye daidai, shi ne mai ɗaukar nauyi, shi za ka fi saye da yawa. Akwai mai juyawa, wanda fuskokinsa biyu ke kewayawa a kan ƙusa guda, na gittawar nan ne da na faɗa, kada ka ɗora masa nauyin rufi. Sai dogon mai haɗa baki da baki idan tsawon bututu ya gaza. Dukansu an yi su ne don bututu mai faɗin milimita 48.3, wanda masu shago a nan suke kira 40/49. Nagari za ka ga an buga EN 74, lambar ma'aunin inganci na Turai, a jikinsa da harafin A ko B. Tsayayye mai B yana riƙe kusan kilo 900 na aiki ba tare da ya zame ba, mai A wajen kilo 600, amma fa sai an ɗaure shi yadda aka ƙayyade, niyuton-mita 50. Wato kamar ka sa ƙarfin kilo 20 a ƙarshen kile, wato sifanar ɗaure noti, mai tsawon santimita 25. Yara suna son zura bututu a kile su hau kai da ƙafa, hana su, haka ake kashe haƙori.

Abin da ya fi sa ni ƙaunarsa shi ne bai damu da ƙasa ba. Layukanmu ka san su, nan tudu, can kwata, ga yashi mai nutsewa. Kolye a ko'ina a jikin bututu yake kamawa, idan ƙafa ɗaya ta faɗa rami sai ka sassauta noti ka ɗaga shi yatsa huɗu, rufi ya daidaita. Mai gida ya ce a ƙara mita uku don baƙi sun yi yawa, sai ka aika a ɗauko bututu. Ba ka jiran mai walda, ba ka jiran a kawo wuta. Kile 22 ko 21, gwargwadon notin da ka samu, shi ke nan kayan aikinka.

Ƙwallo kuma, ba zan ce ba shi da amfani ba. Wani injiniyan Jamus, Max Mengeringhausen, shi ya fito da tsarin da ake kira MERO, ƙwallon ƙarfe mai ramuka har 18 masu haƙori, kowane bututu da bulon a bakinsa yana shiga rami. Ƙarafan duka suna haɗuwa a cibiya guda, shi ya sa ake rufa manyan zauruka da filayen jirgi da shi ba ginshiƙi a tsakiya, abin da kolye ba zai iya ba tunda shi bututu biyu yake riƙewa gefe da gefe. Amma wannan aikin kafa sau ɗaya ne da lissafin injiniya. Kwaikwayonsa da na saya bai kai biki biyar ba. Ramukan suka cika da yashi, bututu biyu suka ɗan lanƙwashe a bayan mota suka ƙi shiga, kuma ba ya yankuwa ba ya ƙaruwa tunda tsawonsa a ƙidaye yake har milimita. Na zaga kasuwannin Katako da Wadata ban samu madadin ko guda ba.

Ba ka tambaye ni wannan ba, amma ka yi hattara da wasu masu sayarwa, don a nan ake cutar sabon shiga. Akwai kolye na falle da aka lanƙwasa aka fesa wa fenti ruwan azurfa, a ce maka mai tutiya ne daga Turai. Karce shi da ƙusa, fenti tashi yake yi. Ɗaga shi ka ji, ƙerarre yana kai wajen kilo guda. Wani zai jera maka masu kyau a saman buhu, na ƙasa duk haƙoransu sun cinye, saboda haka a zazzage a gabanka, kowane noti ka murza shi da yatsa har ƙarshe. Wanda aka toshe tsagarsa da walda aka shafe da baƙin mai, ajiye masa kayansa.

A bututu ma ha'incin ya fi yawa, don daga waje duk faɗinsu ɗaya. Na ƙwarai kaurin jikinsa milimita 3.2 ne, sandar mita shida tana yin kilo 21 da 'yan kai. Mai milimita 2 ko kilo 14 bai cika ba, kuma da ka matsa kolye a kansa sai ya lotse, riƙon ya tafi. Wasu kuma bututun 33/42, wanda ya fi siriri, za su miƙo maka su ce ai duk ɗaya ne, alhali kolye ko ka ɗaure shi har ƙarshe yawo zai yi a jikinsa. Tafi da kolyenka guda a aljihu ka gwada, a kuma ɗora sandar a sikeli kana tsaye.

In ni ne kai, da rumfa ɗaya zan fara, faɗin da bai wuce mita shida ba, da ƙafa a kowane mita uku. Cikin kowane kolye goma, bakwai tsayayyu, biyu masu juyawa, ɗaya na baki da baki, sannan ka ƙara goma na ajiya don ɓacewa suke yi a yashi ranar kwancewa. Ranar da aka nemi ka rufe fili mai faɗi ba ƙafa a tsakiya, wannan ya wuce aikin kolye, nemi injiniya ya lissafa maka. In za ka shiga Katako ka yi mini magana, ranar Asabar da safe ina nan, sai mu je tare in taya ka zaɓe.